Yadda Ake Feɗe Waƙar Da Ke Kukan Zaluncin Gidan Aure

Duk shekara, da zarar lokacin rubuta kundin kammala karatu ya matso, sai ɗalibai su fara sallama a ƙofata. Wasu daga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a nan Zariya, wasu daga makarantar horar da malamai ta tarayya da aka fi sani da FCE, har da malaman sakandare na Tudun Wada da Sabon Gari da aka ɗora wa koyar da adabi. Kukansu ɗaya ne: an ba su waƙar da ke magana a kan wahalar mace a gidan miji, sun karanta, tausayi ya kama su, amma da suka ɗauki biro sai abin ya tsaya a kan "mawaƙiyar ta nuna cewa ana zaluntar mata." Shafi bai cika ba, magana ta ƙare. Na gaji da maimaita bayani guda a zaure, shi ya sa na jera shi a nan yadda nake bi da kaina. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin rubutu, ko da yake mafi yawan masu zuwa da tambayar mata ne.

Ka riƙe wannan tun kafin mu fara: Bahaushiya ba kasafai take faɗin ciwonta ƙarara a waƙa ba. Kunya ta hana, gudun abin da zai biyo baya ya hana, ita kanta waƙar ma ta fi armashi in an lulluɓe ta. Aikinka shi ne ka gano inda aka ɓoye maganar, ka kuma kawo shaida daga bakin waƙar.

1. Tanadi kayan aiki

Ba su da yawa: littafin rubutu, biro ja da shuɗi, fensir, da waya mai ɗaukar murya in waƙar baka ce. Sai ƙamus. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya wadatar a yawancin aiki, amma in ka haɗu da kalmomin tsofaffi, na Bargery na 1934 ya fi tono su.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne fotokwafi (ka yi kwafi biyu, ɗaya na ɓatawa da zane, ɗaya na ajiya), data, kuɗin Keke Napep in za ka riƙa zirga-zirga tsakanin Samaru da cikin birni, da ɗan alherin da za ka kai wa duk tsohuwar da ta rera maka: goro, sabulu ko turare. Waƙa mai baiti 20 zuwa 30 ka ware mata kwana uku. Wanda ya ce zai gama a daren da za a miƙa aiki, ba a fafe gora ranar tafiya.

*Gargaɗi:* ka rufe littattafan ra'i, wato ra'ayoyin masana na nazarin adabi, tukuna, har da na ra'in matantaka mai duba adabi ta fuskar mata. Wanda ya fara da su yakan shiga waƙa da hukunci a aljihu, ya koma neman ɗango, wato layin waƙa, da zai gaskata shi kawai.

2. Samo matani, ka tantance shi

In rubutacciya ce, fara da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, sannan ka nemi tsofaffin kundayen Sashen Harsunan Afirka da Al'adu, domin a ratayen da ke ƙarshensu ake samun waƙoƙin da ba a taɓa bugawa ba. Kamfanin buga littattafai na NNPC na nan Zariya ya buga waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu a 1983 cikin *Alƙalami a Hannun Mata*, yana da kyau ka gan shi ko don ka saba da hannun mata a rubutacciyar waƙa. Wadda ka tsinta a Facebook ko WhatsApp kuwa, kada ka taɓa ta sai ka gano mai ita ka kuma samu cikakkiya. Masu turawa sukan yanke baitocin farko da na ƙarshe, alhali a nan marubuci ke faɗin sunansa, shekara, da dalilin yin waƙar.

In ta baka ce, mafi yawan irin wannan kuka yana cikin waƙoƙin daka, niƙa, reno, gaɗa, sa lalle, kai amarya, shantu da amada. Na niƙa sun kusa ɓacewa tun da inji ya kori dutse, sai a bakin tsofaffi. Namiji kuma ya san gidan da aka rubuta "ba shiga" ba zai shiga ba, don haka ya nemi yayarsa ko gwaggonsa ta ɗauko masa. Ka rubuta yadda aka rera tsaf, da amshi, da maimaici, da guɗa, da wurin da aka yi dariya.

*Gargaɗi ga mai aiki a ƙasar Zazzau:* kada ka "gyara" karin harshen, kuma kada ya yaudare ka. Zazzaganci yakan sassauta bambancin jinsi, ka ji "rigan" a inda Bakano zai ce "rigar". Saboda haka "matan malam" a bakin Bazazzagiya na iya zama mace ɗaya tilo. Ka ɗauka jam'i ne, sai ka gina shafi uku a kan kishiyoyin da babu su. Ka tambayi mai rerawar.

3. Karanta da baka, sau uku

Na farko don kunne kawai. Na biyu ka ja layi da fensir ƙarƙashin duk kalmar da ba ka da tabbas a kanta. Na uku ka sa alama a inda muryarka ta canza da kanta, domin galibi a nan waƙar ta juya.

Ga wasu baitoci biyar da na tsara da kaina don gwaji. Ban matsa musu a kan kari, wato ma'aunin sautin waƙa, ba, abin koyo kawai nake so:

Na gode Allah, an yi min gata,
Ɗaki da ƙofa, ba wurin leƙawa.

Inna ta ce haƙuri adon mace ne,
Na ɗaura shi har ya soma yagewa.

Tukunyar da ta daɗe bisa murhu,
Ita ake yi wa gorin ƙonewa.

An kawo sabuwar ƙwarya gidanmu,
An sauke tsohuwa, ba a dubawa.

Ke 'yar'uwa, shafa lallenki sosai,
Nawa ma ya yi ja kafin koɗewa.

4. Wa ke magana, wa ake gaya wa, wa aka ɓoye

A nan rabin aikin yake, kuma a nan ɗalibai suka fi yin sauri.

Fara da mai magana. Amarya ce, uwargida, bora, bazawara, mai takaba, ko uwa mai kai 'yarta? Kowacce da irin ciwonta. A baitocin sama ba ta faɗi matsayinta ba, amma tukunyar da ta daɗe da ƙwaryar da aka sauke sun nuna uwargida ce da aka yi wa amarya. Ka kuma raba marubuci da mai magana. Namiji na iya rubuta waƙa da muryar mace, mace mai zaman lafiya a ɗakinta na iya rera kukan maƙwabciyarta. Ka rubuta "mai magana a waƙar", kada ka ce "mawaƙiyar ta sha wahala a gidan mijinta" sai in kana da hujjar da ta wuce waƙar.

Sai wanda ake gaya wa. Baiti na farko Allah ake yi wa godiya, na biyu an ambaci Inna, na ƙarshe an juya ga amarya. Amma mai daka da ke rera waƙa a tsakar gida ta san maigida na zaure yana ji, uwar miji kuma na ɗaki. Wanda aka kira daban, wanda ake so ya ji daban. Shi ne habaici.

Yanzu ɗauki biro biyun nan. Da shuɗi ka zagaye duk aikin da mai magana ta yi da kanta, da ja kuma duk aikin da aka yi mata ko aka yi a kanta. A gwajinmu shuɗi biyu ne kacal: "na gode", "na ɗaura". Ja kuwa biyar: "an yi min", "ake yi wa", "an kawo", "an sauke", "ba a dubawa". Duk abin da ya sauya rayuwarta wani ne ya aikata, kuma ba a faɗi ko wane ne ba. Ita godiya da jimiri kawai aka bar mata. Wannan ƙidayar ta minti biyar ta fi shafi guda na "ana danne mata", domin mai duba aikinka zai iya ƙirgawa da kansa ya gani.

*Gargaɗi:* rashin ambaton sunan miji shi kaɗai ba shaidar tsoro ba ne. Al'ada ce mace ta sakaya sunan mijinta da na ɗanta na fari, ko a gidan da ake ƙaunar juna. Abin lura a nan shi ne ko "maigida" ko "malam" ba ta ce ba, ta mayar da shi "an". Wannan za ka iya kafa hujja da shi.

Sai batun kishiya, wanda ke rikita masu nazari. Waƙoƙin mata da yawa ba sa taɓa miji ko kaɗan, kishiya suke yi wa ruwan zambo. Wasu ɗalibai sai su ce ashe mata ne ke zaluntar junansu, su rufe littafi. Wasu kuma su ƙi ganin zambon, su ƙirƙiro zumuncin da babu shi a waƙar. Duka biyun gajeren aiki ne. Ka faɗi zambon yadda yake, sannan ka tambaya: a kan me ake faɗan? Ranar girki, kuɗin cefane, ɗakin da ya fi girma, matsayin 'ya'ya, ko gado, inda matan mamaci ke raba kashi ɗaya cikin takwas tsakaninsu in ya bar 'ya'ya, ko su nawa ne. Wa ke riƙe da rabon waɗannan abubuwa yana raye? Hausawa sun riga sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A baitinmu na ƙarshe an kira amarya "'yar'uwa", amma ɗangon da ya biyo yana da kaifi biyu: gargaɗin tausayi ne, kuma gugar zana ce. Ka rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi.

5. Fitar da jigo

Ɗaliban Hausa sun san tsarin *Gadon Feɗe Waƙa* na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo: furucin jigo (inda waƙa ta faɗi manufarta da bakinta), jigo a gajarce, warwarar jigo. Bi shi. Matsalar kawai ita ce irin waɗannan waƙoƙi ba safai suke da furucin jigo a fili ba. In babu, ka ce babu, ka nuna baitin da ya fi kusa.

Kuma "zalunci" ba jigo ba ne, buhu ne. Buɗe shi ka faɗi abin da ke ciki: auren dole, auren wuri, ƙin ciyarwa, fifita wata a kan wata, duka, saki ba dalili, ƙin saki don cutarwa, raba uwa da 'ya'yanta, hana karatu ko sana'a, mulkin uwar miji. Jigon gwajinmu a jimla ɗaya: uwargida da aka tsare, aka mora, aka ajiye gefe, kuma aka hana ta kuka da sunan haƙuri.

6. Bi kayan ɗaki da na murhu

Mawaƙin fada da giwa da zaki yake kambama sarki. Mace kuwa da abin da hannunta ke taɓawa kullum take magana: tukunya, turmi, taɓarya, ƙwarya, faifai, tsintsiya, zani, lalle, rijiya. Jera duk wanda ya fito, a gaban kowanne ka rubuta abu biyu: aikinsa a gida, da abin da ke samunsa in ya tsufa.

Tukunya tana ciyar da gida, wuta na cin gindinta, sannan a raina ta don ta yi baƙi. Mai magana ta mayar da kanta abu, wato abuntarwa, kuma ba don ado kawai ba: tana cewa haka aka ɗauke ta. Ƙwarya kayan jere ce, abin nunawa, mai fashewa, mai sauƙin sauyawa. Lalle alamar amarci ne wanda kowa ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ka ga yadda ta tashi daga abin amfani, zuwa abin ado, zuwa abin da ke gogewa da kansa. Wannan jerin ma magana ne.

Kada ka tsaya a kan lakabi. Cewa "a nan akwai siffantawa, a can akwai kamance" kamar ka shiga kasuwar Sabon Gari ne ka faɗi sunayen kaya ka fito ba ka taya ko ɗaya ba. Duk adon harshen da ka ambata, ka biyo shi da abin da ya ƙara wa ma'ana.

Kalmomi biyu ne nake so ka yi musu zama na musamman: godiya da haƙuri. Waƙar Hausa takan buɗe da yabon Ubangiji, don haka ido yakan tsallake "na gode Allah". Amma dubi abin da ake gode wa: ɗaki da ƙofa, ba wurin leƙawa. Ɗangon farko ya ce gata, na biyu ya kwance shi. Haƙuri kuwa, duk inda ya fito ka tambayi wa ya faɗa, wa aka gaya wa. Akwai wanda mace ta zaɓa da kanta don neman lada, kuma rashin adalci ne ka kira shi wauta. Akwai wanda iyaye ke ɗora mata ranar biko bayan ta yi yaji, tare da "yi, na yi, bari, na bari". Akwai kuma wanda ake ambata don a yi masa ba'a. Namu na biyu ne yana gangarawa zuwa na uku: Inna ce ta ba da shi a matsayin ado, 'yar ta ɗaura kamar zani, ga shi yana yagewa. Zani in ya yage me ke biyo baya? Tsiraici, wato asirin gida ya kusa tonuwa. Ba ta faɗa ba, ta bar maka.

7. Zubi da tsari

Ka yi shi a gajarce: yawan baitoci, ƙwar nawa ce (ɗango nawa ne a kowane baiti), amsa-amo (sautin da baitoci ke ƙarewa da shi), kari in ka iya yanka shi. Namu ƙwar biyu ce, amsa-amonta "wa". Ka duba kalmomin da ke ɗauke da shi: leƙawa, yagewa, ƙonewa, dubawa, koɗewa. Uku na lalacewa ne, biyu na gani ne kuma duka an kore su da "ba". A waƙar baka ka lura da gindin waƙa da amshi, da kuma kiɗan. Magana mai ɗaci a kan kiɗan ƙwarya mai sa rawa ba ɗaya take da wadda aka rera ita kaɗai a bakin turmi ba.

8. Ɗora ta a zamaninta, ka raba addini da al'ada

Yanzu ne za ka buɗe littattafan da na ce ka rufe. Nemi lokacin da aka yi waƙar, domin kuka ɗaya na canza nauyi da zamani. Mai kukan an hana ta boko kafin shirin ilimin firamare kyauta ga kowa (UPE) na 1976 ba a hali ɗaya take da ta yau ba. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, kuma a nan Zariya Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rasu a 2001, ta sha ɗauri tun zamanin NEPU a kan 'yancin mata da yaƙi da auren wuri. Ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WIN (Women in Nigeria) ma daga wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982 ta samo asali. Ka kawo irin wannan ne kawai in ya haska wani ɗango. In bai haska ba, ciko ne.

*Gargaɗi mafi girma:* kada ka ɗora wa addini abin da waƙar ta ɗora wa al'ada ko halin wani namiji, kada kuma ka yi amfani da addini ka toshe bakin waƙar. Mawaƙan mata da yawa da addinin suke kai ƙara. Aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata zama da mata, aya ta 231 a Baƙara ta hana riƙe su don cutarwa, Suratul Mujadala kuma ta buɗe ne da macen da ta kai kukan mijinta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a *Nurul Albabi* ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru don karantar da mata. In waƙarka ta jingina da irin wannan, ka nuna. In ta taɓa mas'alar fiƙihu kamar ijbari (ikon uba na aurar da 'yarsa ba da yardarta ba), hul'i (mace ta fanshi kanta daga aure) ko renon 'ya'ya bayan saki, je ka tambayi malamin da ya karanci Malikiyya kafin ka rubuta. Zariya ba ta rasa su ba.

9. Rubuta sharhin

Jera shi haka: asalin waƙar da mai ita, jigo, zubi da tsari, salo, sannan ra'ayinka. Kowane sakin layi ya tsaya a kan ƙafa uku: abin da kake da'awa, ɗangon da ke shaida, da bayanin yadda ya shaida. In da'awa ba ta da ɗango, goge ta, ko da ta yi maka daɗi. Guji "duk mazan Hausawa" da "duk matan Arewa", waƙa ɗaya gida ɗaya ta leƙa. Guji kuma juya baitoci zuwa zube kana kiran hakan sharhi. Inda ɗango ke ɗaukar ma'ana biyu, ka kawo su duka ka faɗi wadda ta fi rinjaye a wurinka da dalili.

Wadda ta rera maka waƙa a kan gidanta, kada sunanta ko na unguwarta ya shiga kundinka sai da yardarta, domin kundi yana zuwa inda ba ka zata ba, ita kuma tana nan zaune da mutanen da ta yi wa habaicin.

10. Mayar da shi ga masu ita

Kafin ka miƙa, karanta fassararka ga wata dattijuwa da ta san irin waƙar. Ni na koyi wannan ne da kunya. Na taɓa cika shafuka a kan wata waƙar kai amarya, na ce kukan auren dole ne tsantsa. Da na karanta wa wata gwaggona a cikin birni, sai da ta yi dariya har da tafi. Ta ce ai wannan kowace amarya ake rera wa, har wadda ta zaɓi mijinta da kanta, kuma in ba ta yi kuka ba ƙawayenta ne za su yi mata gori. Sannan ta rage murya ta nuna mini ɗango biyu a tsakiyar waƙar, ta ce waɗannan kam ba a sa su sai in an san yarinyar ba ta so, kuma duk matan da ke wurin sukan gane. Su ne na tsallake, don na ɗauka ciko ne. Saboda haka in ka je, ka tafi da tambaya biyu a rubuce: wane ɓangare ne ake rerawa a ko'ina, wane ne kuma ake ƙarawa don wani gida.